Wai da gaske Glock roba ce zalla kuma ba ta da sefti?

Abbati_M:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku raba mana gardama, tun shekaranjiya muke musu da wani abokina har yanzu an kasa samun wanda ya sauko. Ni dai ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata kuma ba neman riƙewa nake ba, kawai ni mutum ne mai son sanin yadda cikin inji yake, ko agogo na samu sai na kwance shi na ga abin da ke juyawa, to sai na ci karo da wani bidiyo da aka yi zanen fistol an tsaga ta biyu ana nuna yadda komai ke motsi a hankali, wallahi na kalle shi ya fi sau goma amma babu bayani, kiɗa kawai suka saka.

Shi abokin nawa abu uku ya kafe a kai. Na farko wai fistol ɗin nan Glock roba ce tun daga sama har ƙasa shi ya sa take wuce na'urar bincike ta filin jirgi ba a gani. Na biyu wai ba ta da sefti kwata-kwata, wato abin da ke hana bindiga tashi da kuskure, ko faɗuwa ta yi ƙasa sai ta tashi. Na uku kuma wai duk bindigar da aka ce mata semi-otomatik to in ka danne kunama ruwan harsashi za ta yi ta yi har sai ta ƙare. Ni na ukun nan ne ban yarda ba sam, sauran biyun kuma ban san me zan ce ba.

Sannan tambayata ta kaina, me ke mayar da wancan ƙarfen na sama baya bayan an harba? Batir babu, mota babu, to ina ƙarfin yake fitowa? Kuma me ya bambanta ta zamani da irin ta da, tunda a ido duk kusan kama ɗaya suke min. Na gode.

Injiniya_Sule:

Wa alaikumus salam Malam Abbati. Bari in fara da tambayarka ta kanka don ita ce mai daɗin, in ka gane ta sauran duk za su warware da kansu.

Ƙarfin daga harsashin yake fitowa, ba wani waje ba. Abin da muke kira harsashi ai abu huɗu ne a haɗe, akwai kwanso, akwai albarushi a cikinsa, akwai kan da ke fita ya tafi, sai wani ɗan maɓalli a gindin kwanson wanda in an buge shi yake ba da tartsatsi. To in ka ja kunama wata allura ce ta ƙarfe ke zaburowa ta daki wannan maɓallin, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta rasa hanya sai ta tura kan harsashin gaba ta cikin bututu, amma fa da irin ƙarfin da ta tura shi gaba da shi take tura kwanson baya, kuma kwanson yana jingine ne da wancan ƙarfen na sama da ka gani yana kai da komo, silayid ake ce masa. Shi ke nan sirrin. Shurin da bindiga ke yi wa hannunka, shi aka kama aka sa shi aiki.

Amma akwai matsala a nan wadda ita ce ta ba masu ƙira wahala tun farko. In silayid ya buɗe da wuri alhali kan harsashin bai bar bututu ba, matsin da ke ciki yana da yawa ƙwarai, kwanson zai iya fashewa a fuskar mai harbi. Don haka dole a ɗan jinkirta buɗewar. Dabarar da kusan kowa ke bi yau ita ce bututu da silayid suna kulle da juna lokacin harbi, su ja baya tare na 'yan milimita kaɗan, kafin nan harsashi ya riga ya fice matsi ya sauka, sai gindin bututun ya sunkuya ƙasa ya saki silayid, shi kuma ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, wata 'yar ƙugiya ta jawo kwanson da ya ƙone, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗe shi waje ta taga, sifirin da ke ƙarƙashin bututu ya matse iya matsewa sannan ya dawo da silayid gaba, a hanyar dawowa ya kwaso sabon harsashi daga saman magazin, wato gidan harsasai da ke cikin mariƙi, ya cusa shi a ɗakinsa, bututu ya ɗago ya sake kullewa. Duk wannan dogon zancen da na yi, kafin ka ƙifta ido an gama. Koma ka kalli bidiyon naka ka sa ido a gindin bututun, za ka ga yana yin ƙasa kamar mai gaisuwa.

Kuma wannan dabara ba ta yau ba ce, ta John Browning ce Ba'amurke, ita ce a cikin M1911 da sojan Amurka suka ɗauka a 1911, aka ƙara gyara ta a Hi-Power da kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1935, shi Browning ma bai ga fitowarta ba don ya rasu a 1926, Dieudonné Saive ne ya ƙarasa aikin. Glock, SIG, CZ, duk in ka buɗe su jikokin wannan tunanin ne. Shi ya sa ni in aka ce min bindigar zamani sai in yi dariya, riga ce sabuwa a jikin tsohon inji. Akwai masu bin wata hanya dai, Beretta 92 bututunta ba ya sunkuyawa, wani ɗan tubali ne a ƙasa ke sauka ya saki, ta gado shi daga Walther P38 ta Jamus. Ƙananan kuma masu harsashi mara ƙarfi sosai irin Walther PP ta 1929 da Makarov ta Sobiyat ba su da kulle ma gaba ɗaya, bututun a kafe yake, nauyin silayid da taurin sifirin ne kawai ke riƙe shi na ɗan lokacin.

Maganar ruwan harsashi, kai ne da gaskiya. Semi ɗin nan yana nufin ita ke ɗora wa kanta harsashi na gaba, amma ba ita ke harbawa ba. Ja ɗaya harbi ɗaya. Akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da aikinsa kawai ya raba kunama da allura da zarar silayid ya motsa, ba za su sake haɗuwa ba sai ka sassauta yatsa kunamar ta koma gaba. Ko ka danne har gobe ba abin da zai ƙara fita. Mai yin ruwan akwai ta, Glock 18, amma wannan daban aka ƙera ta don jami'an tsaro na musamman, kuma ita tana da maɓallin da ke mayar da ita otomatik cikakkiya, ba semi ce zalla ba.

Roba kuma, rabin gaskiya ya faɗa. Gangar jikin ta ƙasa, wato mariƙi da wajen da kunama take, shi ne roba mai tauri. Silayid ƙarfe ne, bututu ƙarfe, sifirin ƙarfe, allura ƙarfe, cikin magazin ma an shimfiɗa ƙarfe, ga harsasai. Mafi yawan nauyinta ƙarfe ne, na'urar filin jirgi ganinta take tar. Wannan jita-jitar tsohuwa ce, tun shigar Glock Amurka a shekarun 1980 aka yi ta yaɗa ta har sai da suka yi doka a 1988 da ta hana ƙera bindigar da na'ura ba ta iya ganowa, alhali ita Glock ɗin da ta jawo surutun dokar ba ta ma shafe ta ba. Kuma ba ita ce ta fara jikin roba ba, Heckler & Koch ta Jamus ta riga ta da VP70 tun 1970, kasuwa ce dai ba ta karɓe ta ba. Maganar sefti na bar wa waɗanda suka rataya ta a ƙugu, ni a takarda na fi saninta.

Baba_Ritaya:

Injiniya ka yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ɗana Abbati, ni na yi shekaru ina aikin ɗamara kafin in ajiye, na riƙe mai guduma, wato ɗan ƙarfen baya da ke dukan allura, na riƙe mara guduma, bari in gaya maka abin da na gani.

Ka ce wa abokinka sefti uku ne a jikin Glock, ba dai irin wanda yake nema da ido ba ne, wato ɗan maɓallin gefe da ake turawa da babban yatsa. Na farko wani ɗan harshe ne a tsakiyar kunamar kanta, in ba a danne shi ba kunama ba ta motsi. Na biyu wani ɗan toshi ne da ke tare hanyar allura, ba ya kaucewa sai kunama ta yi nisa a ja. Na uku kuma wani ɗan dandamali ne da ke riƙe da ƙarfen da ya kama allurar don kada jijjiga ta sa ya zame. Duka ukun jan kunama ne ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka saki su koma da kansu. Saboda haka faɗuwa ƙasa ba ta tayar da ita, an yi ta ne musamman don kada hakan ta faru.

Amma ka lura da abin da na ce, jan kunama ne ke buɗe su. To ita kunama ba ta san yatsa ba. Igiyar riga ta shiga wurin, ko bakin kube mai laushi ya lanƙwashe ya shiga, ko yaro ya samu, duk ɗaya ne a wurinta. Nan ne abokinka yake da 'yar gaskiya ko da bai san inda take ba. Shi ya sa irin wannan bindiga ba a sa ta a aljihu haka nan tsirara, sai da kube mai tauri wanda ya rufe kunamar ruf.

Ka ga a da tsari biyu muka sani. Irin 1911 guduma ce a baya, sai an ɗana ta, a ɗaga sefti na babban yatsa, ga kuma wani a bayan mariƙi da sai tafin hannu ya matse shi, jan kunamarta gajere ne mai laushi, daɗin harbi kam ba a magana, amma sai ka tuna ka sauke sefti a lokacin da hankalinka ya tashi, kuma mutum in tsoro ya kama shi sunansa ma mantawa yake. Sai irin Beretta 92, wadda sojan Amurka suka koma mata a 1985, ita jan farko dogo ne mai nauyi don yatsanka ne ke ɗana gudumar, daga na biyu kuma ya zama gajere mara nauyi tunda silayid ya ɗana maka. To koya wa sabon yaro ja iri biyu a bindiga ɗaya aiki ne, harbin farko kullum sai ya yi ƙasa. Abin da Gaston Glock ya yi a Ostiriya, mutumin da kafin nan sandunan labule da wuƙaƙen soja yake ƙerawa, shi ne ya cire gudumar gaba ɗaya ya bar allura da sifirin ɗinta, ja iri ɗaya daga na farko har na ƙarshe, nauyinsa wajen kilo 2.5, ba abin tunawa ba abin mantawa, sassanta ma duka talatin da 'yan kai ne. Sojan ƙasarsa suka ɗauka a farkon shekarun 1980, yau kusan kowane kamfani irin tsarin yake bi. Ni a ganina wannan shi ne ainihin zamanin da kake tambaya, ba robar ba. An sauƙaƙa bindigar, sai aka kwashe nauyin da maɓalli ke ɗauka aka ɗora wa yatsan mutum.

Wani abu da ya faru a gabana ba zan manta ba. Muna zaune ana share makamai bayan an dawo daga fili, wani abokin aikina, mutum mai natsuwa ba yaro ba, ya zare magazin ya ajiye a tebur, a ransa shi ke nan ta zama fanko. Ita kuma irin wannan kafin ka kwance ta sai ka ja kunama. Ya ja. Ƙarar da ta tashi a ɗakin nan sai da kunnena ya kwana biyu yana kuka, harsashin ya shige siminti tsakanin ƙafarsa da ta wanda ke kusa da shi, Allah ne kawai ya tsare, kuma abin da ya taimaka ya saba kullum bakinta ƙasa yake kallo. Cire magazin ba ya cire wanda ya riga ya shiga ɗaki. A libarba kana buɗe ta kana ganin komai, wannan kuwa ɗaya yana ɓoye a ciki. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja silayid baya a leƙa da ido a taɓa da yatsa, in ka juya tsarin ka ja silayid tukuna to ka fitar da ɗaya ka ɗora wani. Wasu ƙirar suna da ɗan alama da ke tasowa in akwai harsashi a ɗaki, Hi-Power ma ba ta tashi sam in babu magazin a jiki, amma ni ban taɓa yarda da alama ba sai na gani da idona.

dan_karfe99:

baba ritaya barka da hutawa, Allah ya kara lafiya. amma ni fa duk wannan yabon da ake wa roba ban gane ba wlh, ku dauki CZ 75 ku rike sannan ku dauki glock, kaman ka ajiye agogon hannu na gaske ka dauki na wasan yara. tun 1975 yan uwa biyu suka zana ta a cekoslobakiya kuma har yau ana kwaikwayonta, silayid dinta a cikin gangar jiki yake gudu ba a waje ba, ga mariki da ke zama a hannu kaman da kai aka auna. kuma nauyi ba aibi bane, nauyin ne ke shanye shurin, in karya nake ku duba masu gasar harbi mutum nawa ne ke rike da Shadow 2 ta CZ wadda ta haura kilo daya. roba an yi ta ne don arha da saukin kerawa kawai a zuba a inji a fitar da dubu, sai aka zo ana mana wa'azi wai cigaba ne. glock 17 ma ai sunan daga harsashi 17 da take ci ne ba wata fasaha ba

Abbati_M:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Injiniya na koma na kalli bidiyon na ga sunkuyawar da ka ce, da can ban ma lura ba. Baba labarin nan ya sa jikina ya yi sanyi. To ƙarin tambaya, na ga wasu an ɗora musu wani ɗan gilashi a sama kamar ƙaramar taga, wasu kuma da fitila a ƙasan bututu, meye amfaninsu? Kuma ni a tunanina ƙaramar bindiga ai ta fi sauƙin harbi ga mai ƙaramin hannu ko mace, haka ne? Sannan me ya sa kusan duk wadda na duba sai in ga an rubuta 9mm?

Anti_Zee:

Ƙanena Abbati wannan tunanin naka na ƙaramar bindiga shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, ni harbin allo nake yi na wasa kuma duk sabuwar da ta zo sai ka ga an miƙo mata 'yar mitsitsiya wai ita ce daidai da mata, ta harba sau biyu ta ajiye ta ce ba za ta iya ba. Abin a juye yake. Harsashi ɗaya ne, ƙarfin shurinsa ɗaya ne, in bindigar ba ta da nauyi kuma mariƙin gajere ne ɗan ƙaramin yatsanka na reto a iska, to duk dukan a hannunka zai sauka, ga sifirin ɗinta ya fi tauri don tafiyar silayid gajere ce, jan sa baya ma sai an yi da gaske, ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce don haka ɗan karkacewa kaɗan ya kai ka nesa da inda ka nufa. Ƙanana an yi su ne don sauƙin ɗauka, ba don sauƙin harbi ba. A nan dan_karfe yana da gaskiya kan nauyi, ko da yake ya cika zafi. Shi dai bai rataya kilo ɗaya da wani abu a ƙugu awa goma sha biyu ba ne, Glock 17 ba magazin gram 600 da 'yan kai ce, 1911 ta ƙarfe kuwa ta haura kilo, tambayi Baba wacce bayansa ya fi so. Kuma roba ba ta tsatsa da gumi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai ƙaramin hannu shi ne kaurin mariƙi da nisan kunama. Magazin mai layi biyu, wanda harsasai ke zaune a karkace hagu da dama, shi ya sa ake samun 15 ko 17 maimakon 7 ko 8 na da, amma shi ya sa mariƙin ya yi kauri. Nan robar ta yi rana don bangonta siriri ne ba sai an ɗaura wasu allunan gefe ba, sannan yanzu yawancinsu suna zuwa da bayan mariƙi da ake cirewa a sauya, ƙarami da matsakaici da babba, Walther P99 na cikin waɗanda suka fara yayinsa a ƙarshen shekarun 1990, Glock ba ta bi sahu ba sai 2010. Wani abu kuma da ba a faɗa wa sababbi, tunda Injiniya ya ce da shuri take aiki, to in ka riƙe ta sako-sako wuyan hannunka ya yi laushi sai gangar jikin ta bi silayid baya, ƙarfin ya tafi a banza, kwanso ya maƙale a taga tsaye. Mutum ya yi ta zagin bindiga alhali riƙonsa ne.

Gilashin da ka gani jan ɗigo ne. Wata 'yar fitila ce ke haska ɗigo a jikin gilashin, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Da saitin ƙarfe abu uku idonka ke fama da su, na baya da na gaba da abin da kake nufi, kuma ido ba ya iya kafewa a kan uku lokaci guda, sai an koya maka ka kalli na gaba sauran su yi dishi-dishi. Da ɗigo kuwa allon kawai kake kallo ido biyu a buɗe. Masu shekaru da idonsu ya fara gajiya su suka fi jin daɗinsa. Aibinsa batir, da kuma sai ka yi ta maimaitawa kafin ka riƙa samun ɗigon nan take in ka ɗago, farkon da na saka sai in ɗago in yi ta lalube ban ga komai ba kamar mai neman tashar rediyo. Yanzu sababbi da yawa tun daga masana'anta ake fafe saman silayid a bar masa gurbi. Akwai kuma saitin ƙarfe mai haske da daddare, wani sinadari ne tiritiyom a cikin 'yar kwalba, ba ya son batir amma haskensa na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ɗoriya. Fitilar ƙasa kuwa a kan wasu tsagogi take hawa da ake yi a gaban gangar jiki, amfaninta ka ga abin da ke gabanka ka tabbatar kafin komai. Kuma don Allah duk wanda zai je kusa da inda ake harbi ya toshe kunne, ƙarar fistol tana kaiwa wajen desibel 160, harbi ɗaya ya isa ya yi wa ji lahani.

Injiniya_Sule:

Anti kin gama magana. Malam dan_karfe gyara kaɗan, lambar ba yawan harsashi take nufi ba, dacewa ce kawai aka yi a 17 ɗin, don Glock 19 da ta fito a 1988 ƙarama ce a kanta kuma 15 take ci. Arha kuma da ka ce ban musa ba, amma wa ya ce sauƙin ƙerawa ba fasaha ba ne? Rage sassa ba tare da abu ya daina aiki ba ai ya fi ƙara su wuya, duk wanda ya taɓa zana inji ya sani.

Abbati 9mm ɗin nan faɗin kan harsashin ne, cikakken sunansa 9x19, sha taran tsawon kwanso ne a milimita. Georg Luger ne ya fitar da shi a Jamus a farkon shekarun 1900, ka ga shi ma ya haura shekara ɗari. Kansa bai wuce gram 7 zuwa 9 da wani abu ba, yana fita da gudun wajen mita 300 zuwa 400 a daƙiƙa. Abin da ya sa ya cinye kasuwa tsaka-tsaki ne, shurinsa da dama-dama, siriri ne magazin na ɗaukar da yawa, kuma shi ne na ƙawancen NATO don haka ko'ina ana yin sa. Amurkawa sun daɗe suna ja, su harsashin .45 na 1911 suka fi so mai kauri mai tafiya a hankali, hukumar FBI ma bayan wata musayar wuta a Miami a 1986 ta bar 9mm, aka zo aka yi harsashin .40 a 1990 ta yi shekaru a kansa, daga baya da ƙirar kan harsashi ta inganta suka ga jami'ansu sun fi samun allo da 9mm sai suka dawo masa wajen 2016.

In kana son ganin inda ƙira ta nufa yanzu duba SIG P320, wadda sojan Amurka suka zaɓa a Janairun 2017 suka sa mata M17 da M18. Ita kunama da duk kayan cikinta an haɗa su a wani ɗan akwatin ƙarfe guda da ake zarowa ɗungurungum, lambar bindigar ma a jikinsa take, robar waje kuwa riga ce kawai, ka sauya babba ko ƙarama, ka sauya tsawon silayid. Tunani ne mai kyau. Amma don kada a ce duk mai allura ba ta tashi in ta faɗi, a wannan shekarar ta 2017 aka nuna cewa P320 ta farko in ta faɗi ta wata kusurwa tana iya tashi, nauyin kunamar kanta ne ke jan ta baya da ƙarfin faɗuwar, kamfanin ya karɓa ya sauya wa mutane da kunama mara nauyi da wasu gyare-gyare. To ka ga amfanin ɗan harshen nan da Baba ya ambata a tsakiyar kunamar Glock, ba don yatsa aka yi shi ba tun asali, don irin wannan faɗuwar ne. Kuma M17 ta soja da seftin babban yatsa ta zo, su suka nema.

Abbati_M:

Na tura wa mutumin nawa duka ya karanta. Ya sauko a kan ruwan harsashi da filin jirgi, amma na sefti ya ce ai Baba da bakinsa ya ce yana da 'yar gaskiya don haka kunnen doki muka yi, biyu da ɗaya wai kunnen doki. Injiniya saura abu ɗaya, a ƙarshen bidiyon silayid ɗin ya tsaya a baya bai dawo ba, lalacewa ce ko haka ake yi?

Injiniya_Sule:

Haka ake yi. Faifan da ke turo harsasai sama a cikin magazin, in na ƙarshe ya fita sai shi ya taso ya ɗaga wani ɗan ƙarfe a gefe ya tare silayid a buɗe, alama ce cewa ta ƙare. A sa wani magazin, a danna ƙarfen ƙasa ko a ɗan ja silayid baya a saki, ya koma gaba da sabon harsashi a ɗaki.